Akurkin kaji a zafin Damagaram: amsa ga mai neman shawara

Wata baiwar Allah daga unguwar Garin Malam a nan Damagaram ta aiko da wasiƙa, ga taƙaitaccen abin da ta ce:

"Ina da kajin gida 12 da zakara ɗaya, wasu suna kwana a madafa, wasu a kan katanga. Bana na ɗauki adashi, ina so in gina masu akurki, in ƙaro wasu su kai 30, domin in riƙa sayar da ƙwai da zakaru ina rufa wa kaina da yara asiri. Maigidana ya ce ɓarnar kuɗi ce, in zuba su a tsohon ɗakin ajiya da ke bayan gida, mai rufin kwano da 'yar taga ɗaya, tunda yana da ƙofar ƙarfe, ɓarawo ba zai shiga ba. Maƙwabciyata kuma tun yanzu ta fara ƙorafin wari. Ba na so in saɓa wa maigida, ba na kuma so kuɗina su salwanta. Me da me akurki ba ya yiwuwa sai da su, kuma yaya zan yi?"

Malama, Allah ya sa albarka a wannan niyya taki. Amsata ta farko ita ce, kada ki zuba kaji 30 a wancan ɗakin a yadda yake yanzu. Maigida yana da gaskiya da ya tuna da ɓarawo, kuma za mu zo kan maganarsa, amma a ƙasarmu zafi da rashin iska sun fi ɓarawo saurin ƙarar da kaji, domin ɓarawo yakan ɗauki biyu ko uku ya gudu, rufaffen ɗakin kwano kuwa yana iya kashe rabin garke a yini ɗaya na bazara.

Dalilin yana cikin halittar kazar. Zafin jikinta yana kusa da digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ga gashi ya lulluɓe ta, kuma ba ta yin gumi kamar mutum. Idan zafi ya dame ta, ba ta da wata dabara sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta nemi ƙasa mai sanyi ta kwanta. Da zarar zafin wuri ya haura digiri 30 sai ta fara rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. A Afrilu da Mayu kuwa kin san yadda garin nan yake haura digiri 40 ko a inuwa, balle a ƙarƙashin kwanon da rana ta yini tana duka. Hakin da kaji suke yi yana fitar da danshi, kashinsu yana fitar da wani tururi mai yaji da ke cin ido da maƙogwaro, kuma idan babu iskar da za ta ratsa ta kwashe su, a nan za su taru. Taga ɗaya ba ta isa ba, saboda iska tana buƙatar inda za ta shiga da inda za ta fita.

Ba sai kin yi jayayya da maigida a kan wannan ba. Ki bari sai rana ta take bayan azahar, ki roƙe shi cikin ladabi ya shiga ɗakin tare da ke, ku tura ƙofa, ku tsaya kaɗan. Abin da jikinsa zai gaya masa ya fi duk bayanin da za ki yi. Daga nan ki nuna masa cewa ɗakin ba zai zauna a banza ba, domin shi ya fi dacewa da ajiyar dusa da hatsi da kayan aiki, inda ƙofar ƙarfen za ta yi amfaninta. Idan kuma ya fi son a gyara shi maimakon a yi sabon gini, sai a kira magini ya duba ko bangon zai jure a fasa manyan tagogi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a sa masu raga, a kuma yi wa kwanon rufi na biyu. Idan maginin ya ce bangon ba zai ɗauka ba, a bar shi. A ganina sabon akurki mai sauƙi ya fi tsohon ɗakin da aka yi wa kwaskwarima, amma shawarar da kuka yanke tare da maigida ita za ta daɗe, don haka ki sa shi cikin zaɓen wuri da awon fili tun daga farko.

Wurin da za a gina ya zama ɗan tudu a cikin gidan, inda ruwa ba ya kwanciya da damina. Ki tuna inda ruwan Agusta yake taruwa a tsakar gidanki, ki kauce masa. Idan akwai dogon yaro ko wata bishiya mai inuwa, a gina ta yadda inuwarta za ta faɗa kan rufin da yamma. Ya yi nesa da madafa da ɗakunan kwana da rijiya ko randunan ruwan sha gwargwadon yadda filin ya bari, kada kuma a jingina shi da katangar maƙwabciya, domin katangar za ta tare iska, ita kuma za ta riƙa jin wari da carar zakara a kunnenta.

Sai fuskar ginin, wadda magina da yawa ba su kula da ita idan akurki ne. A shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, gajerun bangaye biyu su fuskanci gabas da yamma a rufe ruf, dogayen biyu su fuskanci arewa da kudu a buɗe. Bangon yamma zai tare ranar la'asar, wadda ta fi kowace zafi, na gabas kuma zai tare ruwan sama da guguwarsa, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa. Kada a ɗauka cewa ɓangaren arewa ba ya ganin rana. A inda Damagaram take, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan karkata ta arewa, sauran watannin kuma ta kudu, saboda haka dole bakin rufin ya zarce bango a ɓangarorin biyu da kamar santimita 60 zuwa mita 1.

Girman ɗakin kuwa yawan kajin ne yake yanke shi. A ƙasa mai zafi irin tamu, kaji 3 zuwa 4 ake ba murabba'in mita ɗaya idan za su riƙa yini a ciki. Ke da kike nufin 30, ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 2 da rabi zai ishe ki, wato murabba'in mita 10. Idan adashin bai kai a gina wannan ba, ki rage kajin, kada ki rage filin. Cunkoso shi ke sa kaji su fara tsattsagar juna har su fitar da jini, shi ke sa shimfiɗa ta jiƙe, shi ke sa cuta ta gama da su cikin kwanaki. A gaban ɗakin a kewaye masu 'yar farfajiya da raga ko zana, wadda ta ninka ɗakin aƙalla sau biyu, inda za su yi tono su yi birgima. Kazar gida ta saba da yawo, kuma tsare ta dare da rana yana nufin duk abin da za ta ci daga aljihunki zai fito.

Dogayen bangayen nan a ɗaga su da tubali ko bulo kamar kamu ɗaya daga ƙasa, wato santimita 50, daga nan har rufi ragar waya ce. A nan kada ki yi tsimi. Raga mai manyan idanu ta fi arha, amma ɗan tsako yana fita ta cikinta, ɓera da maciji suna shiga, ƙananan tsuntsaye kuma suna zuwa su ci dusa su bar kashinsu a abincin kaji. Ki nemi mai ƙananan idanu, waɗanda ɗan yatsanki ba zai wuce ba, a ja ta ta miƙe, a kafe ta sosai a jikin katako ko ƙarfe, musamman a kusurwoyi da inda ta haɗu da rufi, domin ta nan muzuru yake gwadawa. Harsashin ginin a haƙa shi ya nutse kamar santimita 30 zuwa 40 a cika shi da dutse, wanda ba ya wahalar samu a garin nan, saboda gafiya ta ƙarƙashi take zuwa.

Rufi shi ne inda kuɗinki za su fi tafiya, kuma shi ya fi cancantar tunani. Rufin ciyawa ya fi kowane sanyi, kakanninmu ba su yi kuskure da shi ba, sai dai yana son gyara kusan kowace shekara, ƙwari suna ɓuya a cikinsa, kuma wuta ba ta masa da sauƙi a gidan da ake girki da itace. Kwano yana daɗewa, ba ya yoyo, ba ya ɓoye ƙwari, amma yana gasa abin da ke ƙarƙashinsa. Abin da na fi so wa mai ƙaramin jari shi ne a haɗa su biyu: a rufa da kwano, a jera sanduna a kansa, sannan a shimfiɗa zana ko karan gero a kan sandunan a ɗaure da waya, ta yadda za a bar ɗan sarari tsakanin kwanon da zanar iska tana bi. Da haka rana ba za ta taɓa kwanon kai tsaye ba. Tsayin rufin ya kai mita 2 a ɓangaren da ya fi ƙasa, ya ɗan haura a ɗaya ɓangaren domin ruwa ya gangara, zafi kuma ya samu hanyar fita ta sama. Akurkin da mutum ba ya iya shiga a tsaye, ba a share shi yadda ya kamata, komai kyawun niyyar mai shi. Ki kuma ja kunnen mai rufin ya ɗaure kwanon da kyau a jikin bango, domin iskar farkon damina ta sha yaye rufin gidajen mutane, balle na kaji. Katakon da za a yi amfani da shi a tuna da gara, azara ta fi jurewa idan an same ta.

Yanzu zan daɗe kaɗan a kan abin da ake yawan rainawa, wato daɓe da yaɓe. Akwai wata kaskar kaji da ba ta zama a jikin kaza da rana. Tana ɓuya a tsagar bango da ƙarƙashin ɓawon itace, sai dare ya yi ta fito ta sha jini ta koma. Mai kaji zai ga kajinsa suna ramewa, tukkunsu ya koɗe, sun daina ƙwai, wasu ma sun ƙi shiga akurki da magariba, ya duba jikinsu bai ga komai ba. Wannan kaskar tana iya yin watanni da yawa a cikin bango ba tare da ta ci komai ba, kuma tana ɗauke da cuta. Tsohon ɗakin ƙasa mai tsage-tsage gidanta ne, wannan ma wani dalili ne da ya sa ban so ki yi amfani da ɗakin ajiyar ba. A sabon ginin a yi yaɓe mai santsi ciki da waje, a shafe da farar ƙasa, kuma duk tsagar da ta bayyana a toshe ta nan da nan. Daɓen ya ɗara tsakar gida tsayi da kamar taƙi ɗaya. Na siminti ya fi, domin ana iya wanke shi, ɓera kuma ba ya huda shi. Idan kuɗi ba su kai ba, a yi daɓen ƙasa da tsakuwa a buge shi ya yi ƙarfi, a bar siminti sai an sayar da zakarun farko. Lokaci zuwa lokaci ki shiga da fitila bayan isha'i ki haska jikin bango da sandunan kwana, a lokacin ne ake ganin abin da rana take ɓoyewa.

A kan daɓen ake zuba shimfiɗa mai kaurin santimita 5 zuwa 10, ta ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa ko garin katako daga wurin kafinta, ko ma busasshen yashi mai tsabta. A nan ne amsar ƙorafin maƙwabciyarki take, domin busasshen kashin kaji ba ya wari sosai, jiƙaƙƙe ne yake damun unguwa yana tara ƙudaje. Ki riƙa motsa shimfiɗar, ki kwashe inda ruwa ya zuba, ki share ƙarƙashin sandunan kwana a kai a kai, tunda a nan kashi ya fi taruwa. Hanyar gane lafiyarta mai sauƙi ce: ki damƙi shimfiɗar a hannu ki matse, idan ta warwatse da kin buɗe hannu tana da kyau, idan ta dunƙule ta jiƙe, a canza ta. Abin da kika kwashe ki zuba a buhu ki ajiye a busasshen wuri, taki ne da masu lambu suke nema da kuɗinsu. Ina kuma ba ki shawara ki shiga wurin maƙwabciyar tun kafin a fara gini, ki gaya mata inda za a yi shi da matakan da kika ɗauka. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma wanda aka sanar da shi ba ya jin an raina shi.

Kayan cikin akurki ba su da tsada. Kaza tana son ta hau sama ta kwana, shi ya sa naki suke hawa katanga. A gitta masu sanduna masu santsi waɗanda aka ɓare wa ɓawo, masu kaurin da ƙafar kaza za ta iya riƙewa, a tsayin santimita 50 zuwa mita 1, kowace kaza ta samu taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25. Sanduna biyu masu bin tsawon ɗakin sun ishi kaji 30, kuma a sa su a tsayi ɗaya domin kada a riƙa faɗa a kan ta sama. A yi su yadda za a iya cire su a shanya a rana. Wurin saka ƙwai kuma, akwati mai santimita 30 ta kowace fuska, ko kwando, ko fasasshiyar randa, duk suna yi, ɗaya ga kaji 3 ko 4, a jera su a gindin bangon gabas inda ya fi duhu da sanyi, a ƙasa da sandunan kwana amma ba a ƙarƙashinsu ba. Kazar da ta yi kwanci a ware mata nata wuri na kwana 21 ɗin da take buƙata, domin idan wasu suna hawa kanta suna ƙara mata ƙwai, ƙyanƙyasar ba ta yin kyau. A wata kusurwa ta farfajiya a ajiye masu toka gauraye da yashi, da ita suke birgima su rabu da ƙwarƙwata.

Ruwa kuma ki yi lissafinsa tun yanzu, tunda kin san halin ruwa a garin nan da bazara. Kaza babba tana shan kusan rubu'in lita a rana, da zafi kuwa yakan kusa ninkawa, wato kaji 30 za su iya shanye lita 15 a yini. Ki ware masu jarka ta musamman wadda ba a taɓawa ko famfo ya ɗauke. Mazubin ƙasa ya fi na roba riƙe sanyi, a ajiye shi a inuwa, a ɗora shi kan bulo ya kai daidai bayan kaza domin kada su tona shimfiɗa a ciki, a wanke shi kullum, kuma a yi guda biyu ko uku saboda manya kan hana ƙanana sha.

Za ki ce, ɗaki a buɗe haka, yaya za a yi da hunturu? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska mai sanyi da ƙura tana busowa daga arewa maso gabas, sai a ɗinka buhuna ko a sami tabarmar kaba a rataya a ɓangaren arewa, a sauke da dare a naɗe da hantsi, a bar tazara a sama ko da an sauke. Manyan kaji suna jure sanyinmu fiye da yadda suke jure zafinmu. 'Yan tsaki ne abin tsoro, domin a makon farko suna buƙatar ɗumin da ya kai digiri 32 zuwa 35, wanda uwarsu take ba su. A keɓe mata wani lungu mai kariya ita da 'ya'yanta na makonnin farko, a sama kuma a rufe da raga ko zana, domin shirwa da shaho da hankaka a filin tsakar gida suke ɗauke su.

Maganar maigida game da ɓarawo tana da magani a cikin wannan tsarin. A yi wa akurkin ƙofa mai ƙarfi da kwaɗo, a sa mai walda ya gitta rodi a bayan ragar ta yadda ko an yanke ta mutum ba zai shiga ba, a kuma sa ƙofar ta fuskanci inda ake ganinta daga ɗakinku. Ɗakin da ke can bayan gida, inda ba a jin motsi, ya fi ba ɓarawo lokacin fasa kwaɗo fiye da akurkin da ke kusa da kunnen masu gida. Ki saba wa kajin da shiga da magariba ta hanyar watsa masu ɗan hatsi a ciki, ki ƙirga su, ki kulle.

Gini kaɗai ba ya hana annoba, don haka kada ki ƙarar da adashin a kan tubali da kwano. Cutar Niyukasal, wadda ke sa kaji su yi zawo kore, su riƙa haki, wuyan wasu ya murɗe, takan tashi da ƙarfi a lokacin hunturu ta share kajin unguwa, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Ki je ofishin ma'aikatar kiwo ko wurin malamin dabbobi a yi wa 13 ɗin da kike da su kafin sanyi ya shigo, ya kuma gaya maki lokacin maimaitawa. Raba makwancin kaji da na mutane shi ma kariya ce ga iyalinki. A watan Fabrairun 2006 a Magarya, cikin jiharmu ta Damagaram, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, kuma cuta ce da take iya kama mutum. Kwanan kaji a madafa ya kamata ya ƙare daga ranar da aka gama akurki, yara su riƙa wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa su, kazar da ta mutu a binne ta da zurfi, idan kuma suka fara mutuwa da yawa a lokaci ɗaya a sanar da ma'aikatan kiwo ba tare da jinkiri ba. Agwagi da zabi, idan kina da su, kada su kwana ɗaki ɗaya da kaji.

Sayen sababbin kaji shi ne mataki na ƙarshe. Ki gama gini da rani kafin ruwa ya sauka, yaɓe ya bushe, naki su saba da wurin, a yi masu rigakafi. Daga nan ki ƙaro kaɗan kaɗan, biyar ko shida a lokaci ɗaya, ko ma ki bar naki su ƙyanƙyashe su cika adadin, wanda ya fi arha ya kuma fi aminci. Duk kazar da aka sayo a kasuwar Alhamis ko a Mirya ta yi cuɗanya da kajin garuruwa da yawa, saboda haka a ajiye ta a wani keji dabam mai inuwa, nesa da akurki, na mako 2 zuwa 3, ana lura da kashinta da numfashinta da yadda take cin abinci, a kuma yi mata rigakafi kafin a haɗa ta da sauran. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10, don haka a garken 30 zakaru uku za ki bari, sauran ki kiwata su domin kasuwar salla.